Ai Ko Ɗigon Jini Bai Zubar Ba

Yanzu na dawo daga zaman makoki a Nyanya, kuma ko da yake kun san ba ɗabi'ata ba ce yin dogon zance ranar ta'aziyya, kalma guda da na ji daga bakin dattawa uku ta hana ni sukuni: "Ai ko ɗigon jini bai zubar ba."

Yaron da ya rasu, Allah Ya gafarta masa, faɗuwa ya yi a kan babur, ƙarfe ya doke shi ƙasan haƙarƙarin hagu, ya miƙe da ƙafarsa ya kaɗe ƙura, aka yi hamdala, aka kai shi gida aka gasa masa ciki da ruwan zafi, aka sayo masa maganin ciwon jiki a kemis. Kafin kiran asalatu rai ya yi halinsa. A gefen hagu saifa take, hanta kuwa tana dama, idan ɗayarsu ta tsage jinin cikin ciki yake kwarara inda ido ba ya kaiwa, alhali jinin baligi duka bai wuce kimanin lita 5 ba.

Abin da na koya tun jinyar ƙanena shi ne: wanda aka buga a ciki, in ya kama gumi mai sanyi, da jiri, da ƙishirwa, ko cikinsa ya ƙame, ko kafaɗar hagu ta yi ciwo, ko ya yi aman jini, kada a ba shi ci ko sha, kada a yi masa tausa, a garzaya asibiti a ɗauki hoton ciki. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗura 122 ce, Asibitin Ƙasa kuma yana da cibiyar masu rauni.

Na san za a ce ajali ne. Na yi imani da ƙaddara, amma malamanmu sun lissafa kiyaye rai cikin manyan maƙasudan shari'a, ba su kuma taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba. Mai tsoron kuɗi kuwa, uzurinsa gaskiya ne, sai dai Dokar Lafiya ta 2014 ta haramta ƙin karɓar majinyacin gaggawa.

Mahaifiyar yaron ta ce mini tun bayan isha'i yake neman ruwa, tana ba shi, yana ƙara nema.