Kwanon Kawu

Har yau in na ga kwanon sha mai ɗigon jan fenti a gindi, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Inna ce ta ɗiga wa kwanonsa fentin, a gidanmu na Kimba, cikin 1994, ranar da ya dawo daga asibiti da sunan ciwon da kowa ya riga ya sani amma ba mai iya faɗa. Wasu tabbai ne masu haske a bayansa, ko an soka musu tsinke ba ya ji. Kuturta. A da can Amanawa ta wajen Sakkwato ake kai masu ita, amma a zamaninsa magani ya matso kusa, wata-wata yake zuwa karɓa.

Daga ranar aka ware masa kwano da buta da tabarma. Mutanen Aliero masu sayen albasarsa suka koma gaishe shi daga nesa, hannu a ƙirji. To, amma ɗaki ɗaya muke kwana, ni da shi da ƙanena, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma saboda hunturu. Kuma kullum dare yana tari.

Ba wanda ya kula da tarin nan. Ramewa, aka ce kuturta ce. Zufan dare, kuturta. Wata rana na ce, "Kawu, tarin nan fa?" Ya ce, "Yaro, mai kuturta ina shi ina kula da tari?" Ko ga masu ba shi magani bai taɓa ambatonsa ba. Sai ranar da ya tofar da jini aka gwada majinarsa, aka ce tarin fuka ne. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sai da na girma na gane cewa cututtukan nan biyu dangin juna ne. Ƙwayar kuturta wani likita, Hansen, ya gano ta a Norwe cikin 1873, ta tarin fuka kuwa Koch ya gano a Jamus cikin 1882, kuma gida ɗaya suka fito. A Nijeriya ma shiri ɗaya ke yaƙarsu, cibiyar horar da ma'aikatansa tana Saye, a Zariya. Har magani ɗaya suka haɗa, wato rifamfisin, mai mai da fitsari ja. Mai kuturta sau ɗaya a wata yake shansa, tare da dafson da kilofazimin, mai tarin fuka kuwa kullum, haɗe da wasu. A nan haɗarin yake, domin shan wata-wata ba ya kashe ƙwayar tari, yana ma iya koya mata jure wa maganin. Allah Ya tsare Kawu daga wannan.

Abin da ya fi ci mini rai, ya kai mai karatu, shi ne mun yi tsaro a ƙofar da ɓarawo ba ya bi. Kuturta ba ta saurin kama mutum, galibin jama'a jikinsu na ture ta, kuma wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Tarin fuka kuwa ba ruwansa da kwano, iska yake bi, ɗaki a rufe shi ne gonarsa. Ba a yi shekara ba ƙanena ya fara tari, shi da bai taɓa kusantar kwanon nan ba. Shi ma sai da ya yi watanni yana haɗiyar ƙwayoyi.

Dukansu sun warke, alhamdu lillahi. Kawu ya yi ƙiba, ya koma fadamarsa, yatsunsa goma cif, in ban da guda biyu da ba su ƙara jin zafi ba. Tarin da ya kusa kashe shi mutane suka manta da shi tun kafin a cire albasar baɗi. Kwanon kuwa bai koma cikin kwanuka ba. Na taɓa ɗauka zan sha ruwa da shi, Kawu da kansa ya riƙe mini hannu, ya ce, "Aje shi, kada uwarka ta gani."