Shamuwa, Manomi da Matuƙin Ƙaramin Jirgi

A ƙasar Karfi, kamar sauran yankin noma na Malumfashi da Funtuwa, zuwan shamuwa albishir ne. Da ta fara sheƙa a bishiyoyin gari, manomi ya san lokacin gyara garma da fito da irin masara ya yi, kuma ba mai jifarta. Amma wanda ya tashi daga Funtuwa ya bi ta Giwa da Shika da Samaru, zai wuce wani wuri a Palladan ta Zariya inda ake mata wani kallo dabam. Nan ne Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take, wadda aka kafa a 1964, inda ɗalibai ke wuni suna tashi da sauka da ƙananan jirage masu farfela.

Labarin manyan jirage ya fi yaɗuwa. A watan Janairun 2009 garken dinya ya kashe injuna biyu na wani jirgin fasinja a New York ta Amurka, matuƙin ya sauke shi a kogin Hudson, mutum 155 suka tsira. Sai dai mutum na farko da irin wannan karo ya yi ajalinsa, Calbraith Rodgers, a ƙaramin jirgi yake, a gaɓar tekun Kalifoniya, cikin 1912.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan karo da tsuntsaye yana aukuwa ƙasa da tsayin mita 900, wajen tashi ko sauka. Babban jirgi yana ratsa wannan tsayi cikin 'yan mintoci ya wuce. Na koyon tuƙi kuwa a nan yake kai da komo. Gilashin gaban babban jirgi sai an gwada shi da nauyin tsuntsu mai kusan kilo 2 kafin a amince da shi, alhali na akasarin ƙananan jirage roba ce mai haske wadda ba a ɗora mata wannan sharaɗi ba. Tsuntsu mai kilo 1, wato abin da bai kai shamuwa ba, in ya haɗu da jirgi mai gudun kilomita 200 a awa, ƙarfin dukan ya yi daidai da buhun siminti da ya faɗo daga tsayin mita 3. Bayan wannan roba kuwa fuskar ɗalibi ce, wanda wataƙila ranar ce ya fara tashi shi kaɗai.

Tsuntsu abinci yake bi. Shamuwa tana bin fara da shinge bayan ruwan farko, balbela tana bin shanu da injin yankan ciyawa, shirwa da ungulu suna shawagi a kan mahauta da bola. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ke ba da shawarar a sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga filin jirgi. A Zariya wannan da'ira ta haɗiye Samaru da Sabon Gari da kasuwanninsu da jujinsu, wuraren da shugaban filin jirgi ba shi da iko da ko kwandon shara ɗaya. Katanga tana tare dabba mai ƙafa huɗu, ita ma in an kula da ita: a Yulin 2005 jirgin Air France ya afka wa garken shanu a titin saukar Fatakwal.

Abin da ya rage shi ne kora, kuma a nan manomin Karfi ya riga masana sani. Duk wanda ya taɓa tsaron gonar dawa ya san mutum-mutumi na 'yan kwanaki ne. Da tsuntsu ya gane ba ya motsi, a kansa zai sauka. Haka bindigar gas mai ƙara da ake girkewa a gefen titin jirgi take, in ba a sauya mata wuri da lokaci ba. Yaron da ke zagaya gona da gwangwani da majajjawa tun asuba ya fi ta amfani, domin tsuntsu bai san ta inda zai ɓullo ba. Filayen jirgin da suka ɗauki abin da gaske ma mutum suke sakawa a mota yana sintiri, yana rubuta irin tsuntsun da ya gani, da yawansa, da sa'ar da ya zo.