Kuɗin kujera daban, kuɗin tafiya daban: Daga Unguwar Rogo zuwa Bahar Maliya

A bakin Bahaushe, jirgi a ruwa ya fara. Kwale-kwalen da ke fito da mutane a gulbin Rima shi ne jirgi na asali. Na ƙasa da na sama daga baya suka zo suka ari sunansa. Sai dai duk da wannan daɗaɗɗen sanin, teku ta yi wa Basakkwace nisa, domin tsakanin birnin Shehu da gaɓar Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Shi ya sa a Unguwar Rogo, inda nake zaune, zancen jirgin ruwa mai hawa goma sha wani abu, mai ɗakunan kwana da gidajen abinci da kantuna a cikinsa, ya daɗe yana kama da tatsuniya. Yanzu kuwa wayar hannu ta kawo shi majalisa. 'Yan kasuwarmu masu zirga-zirga Jidda da Dubai suna nuna wa abokai tallar jiragen yawon shaƙatawa, an rubuta farashi da manyan baƙaƙe, kuma kowa ya ce ashe abin bai kai tsadar da ake zato ba.

Kakanninmu sun san teku fiye da yadda muke tsammani, kuma sun san tsadarta. Alhazan da suka bi hanyar ƙasa ta Barno da Chadi zuwa Sudan sai sun tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin ko Fot Sudan kafin su taka Jidda. Da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru suna ƙwadago a gonakin auduga na Jazira don su tara kuɗin jirgi da na killacewar lafiya da na masu masauki, wasu ma can suka zauna har abada. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Hajji a 1921 ta hanyar Ingila a jirgin ruwa. Abubakar Imam ya bi teku zuwa Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ɗalibanmu na farko da suka je karatu Turai sun hau jiragen kamfanin Elder Dempster daga Apapa zuwa Ingila, har zuwa 1974 da jirgin Aureol ya daina wannan jigila. Duk waɗannan sun hau jirgi ne don su isa wani wuri. Jirgin da ake tallatawa a yau shi kansa ne wurin zuwa, kuma wannan ya sauya yadda ake lissafin kuɗinsa baki ɗaya.

Na taɓa shiga irin wannan jirgi daga tashar Jidda. Abin da ya fara jan hankalina shi ne katin da aka miƙa wa kowane fasinja a bakin ƙofa. Shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma aljihu. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki. Ka sha lemo, a goga kati. Ka nemi intanet, a goga kati. Mai hoto ya ɗauke ka a bakin matakala, in kana son hoton, a goga kati. Hannu ba ya jin fitar kuɗi, don haka zuciya ba ta jin zafinsa. Sai a ƙarshen tafiya takardar lissafi ta iso, kuma da safe za ka ga layi a teburin karɓar baƙi, kowa riƙe da tasa yana bin layuka da yatsa.

Wannan tsari ne da aka gina da gangan, kuma kamfanonin ba su ɓoye shi ga masu hannun jarinsu. A 2023, kamfanin Carnival, wanda ya fi kowane girma a wannan harka, ya samu kuɗin shiga dala biliyan 21.6, kuma kimanin biliyan 7.5 daga ciki sun fito ne daga abin da fasinjoji suka kashe bayan sun sayi tikiti da makamantansu. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku. Ana rage kuɗin kujera don a cika ɗakuna, domin jirgi zai sha mai ya biya ma'aikata ko da rabin ɗakunan babu kowa. Ribar tana jiran fasinja a ciki, inda babu wata kasuwa sai ta mai jirgi, kuma babu hanyar fita sai ruwa.

Akwai kuɗin da ake ɗora wa kowa ko bai sayi komai ba. Tukuicin ma'aikata, wanda a al'adarmu kyauta ce ta ganin dama, a can ƙayyadadden kuɗi ne da ake rubutawa a kan kowane fasinja kowace rana. A 2024, ga mai ɗaki na gama-gari, Carnival na karɓar dala 16 a rana, Royal Caribbean dala 18 kafin ya ƙara zuwa 18.50 a ƙarshen shekarar, Norwegian kuwa dala 20. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu, a tafiyar kwana bakwai a kan dala 18, za su biya dala 504 ta tukuici kawai. Don mai karatu ya auna nauyinta: kuɗin guzurin da aka ƙayyade wa kowane alhajin Najeriya a Hajjin 2024 dala 500 ne. Bayan wannan, ana ƙara kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kan abin sha da wasu hidimomi. Ma'aikatan nan, mafi yawansu daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Indiya, sun cancanci haƙƙinsu, kuma na ga yadda suke aiki ba dare ba rana. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa ba a saka haƙƙin nasu cikin farashin da aka tallata tun farko ba.

Sai batun sauka tudu, wanda a nan ne lissafi ya fi rikicewa. Jirginmu ya tsaya a Yanbu, tsohuwar tashar da alhazan Madina suka daɗe suna sauka. Tun kafin a iso an raba takardar yawon da kamfani ya shirya: zagayen tsohon gari mai gidajen dutsen murjani da tagogin katako, fita kallon halittun ƙarƙashin ruwa, da tafiye-tafiye masu nisa cikin ƙasa. Kowanne da farashinsa, a kan kowane mutum. A bakin ƙofar tasha kuma ga masu tasi, waɗanda farashinsu na mota ne guda, ko mutum ɗaya ya shiga ko huɗu. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka ɗauki ɗaya, ya kai mu tsohon gari da kasuwar kifi, muka sha shayi inda mutanen gari ke sha, kuma abin da kowannenmu ya biya bai kama ƙafar farashin takarda ba.

Amma kada a ɗauka cewa na kamfani zalunci ne tsantsa. Abin da yake sayarwa a zahiri shi ne kwanciyar hankali. Ƙa'idar da manyan kamfanoni ke bi ita ce: idan motar yawon da suka shirya ta makara, jirgi zai jira ta ko su ɗauki nauyin kai fasinja tasha ta gaba, idan kai ka shirya naka ka makara, jirgi zai tafi ya bar ka da fasfo da hawaye. Saboda haka nisa shi ne ma'auni. Yawo cikin garin da jirgi ya tsaya, kamar na Yanbu, mutum na iya yin abinsa. Amma daga Aƙaba zuwa tsohon birnin Petra na Jodan tafiyar kusan awa biyu ce a mota, daga Safaga zuwa Luksor a Masar kuwa ta haura awa uku. A irin waɗannan, ƙarin kuɗin da aka biya kamfani tamkar inshora ne, kuma mai hankali ba zai yi rowarsa ba. Mai fasfon Najeriya yana da ƙarin aiki: ya tabbatar da matsayin biza a kowace ƙasa da jirgi zai tsaya kafin ya biya ko kwabo.

Idan aka zo kwatanta kamfani da kamfani, farashin talla shi ne mafi ƙarancin amfani. Wasu, irin su Carnival da MSC da Royal Caribbean, suna faɗin kuɗi kaɗan a ƙofa, sauran a biya a ciki. Viking yana saka yawo guda a kowace tasha cikin kuɗin tikiti, har da intanet. Regent Seven Seas yana haɗa yawon tudu da tukuici da abin sha a farashi ɗaya mai tsada. Wanne ya fi araha? Amsar tana ga halin matafiyi. Wanda ba ya shan giya, idan ya sayi tikitin da aka haɗa komai, ya biya wa wasu abin da shi ba zai taɓa ba. Wanda ke son sauka a kowace tasha, idan ya sayi mai arahar ƙofa, zai iya tarar da cewa yawon tudu ya cinye rarar da ya yi murna da ita. Saudiyya ta lura da matafiyi irin namu: a Disamba 2024 ta ƙaddamar da jirgin Aroya daga Jidda, babu giya babu caca. Ko a nan ma tambayar ba ta sauya ba: me ke cikin kuɗin, me ke wajensa?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Sakkwato zuwa Kano ya san wannan darasi ba tare da ya ga teku ba. Ka biya kuɗin mota, sai a ce kuɗin kaya daban. A hanya direba ya wuce masu abinci goma ya tsaya wurin ta sha ɗaya, inda shi ke ci kyauta, fasinja kuwa ya saya a farashin da aka yanka masa, don ba shi da zaɓi. Jirgin ruwa ya ɗauki wannan dabara ne ya sanya mata kwat da fitilu.

Na san mutanen Unguwar Rogo da za su hau jirgin shaƙatawa a bana ba su da yawa. Amma waɗanda za su biya kuɗin Umara ko Hajji ta hannun kamfanonin jirgin yawo suna da yawa, kuma a nan ne maganar ta shafi kowa. Kuɗin nan sau da yawa na adashen shekaru ne, ko na fili da aka sayar, ko na sallamar aiki. Ana cewa mutum kujera kaza ce, ya biya, sai a can ya gane cewa abinci ba ya ciki, masauki yana da nisan da sai ya hau mota sau biyar a rana zuwa Harami, ziyarar Uhudu da Ƙuba ko ta Ɗa'ifa kuɗinta daban, hadaya ma daban. A lokacin ya riga ya shiga jirgi, ba shi da bakin ciniki, kuma kunya da tsoron ɓata ibada sun hana shi ƙorafi. Sauyin darajar naira ya ƙara wa abin nauyi. Ba a manta ba yadda a Maris 2024 aka nemi maniyyatan da suka biya kusan naira miliyan 4.9 su ƙara sama da miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki. Duk abin da aka bari sai an je can a biya da riyal ko dala, farashinsa na iya tashi tsakanin ranar alƙawari da ranar biya.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan batu na doka. Daga Yuli 2024, jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta cewa farashin da aka tallata ya ƙunshi duk kuɗin da ya zama dole a biya, kuma manyan kamfanonin jiragen ruwa suka fara nuna kuɗin tasha da haraji a cikin farashinsu na talla. Babu abin da zai hana Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, ta wajabta musu takarda guda, da Hausa da Turanci, mai nuna sunan masauki da nisansa daga Harami, yawan abinci a rana, wuraren ziyara, da duk abin da ba ya ciki. Kamfanin kirki ba zai ji tsoron wannan takarda ba. Ita ce ma za ta raba shi da 'yan damfara.

Kafin hukuma ta motsa, aikin yana hannun matafiyi. Ya zauna a gida da biro da takarda, ko ya sa ɗansa ɗalibi ya zauna masa. Ya jera kamfanonin gefe da gefe, ya rubuta a ƙarƙashin kowanne: kuɗin kujera, kuɗin da ake ɗorawa dole, abinci da abin sha, yawo ko ziyara, biza, sufuri daga masauki, da abin da za a mayar masa idan tafiya ta fasa. Ya haɗa jimla, sannan ya kwatanta jimla da jimla. Abin da wakili ya faɗa da baki, a ce ya rubuta ya sa hannu. Hausawa sun hana cinikin biri a sama, kuma ƙarfin mai saye yana ƙarewa ne a lokacin da ƙafarsa ta bar tudu. Duk tambayar da za a yi, a yi ta tun kuɗi yana aljihu.