Ɗigon Man da Ke Tafiya a Faris

A Brussels, babban birnin Beljiyam, na bar abokan tafiyata suna ɗaukar hoton ginin Majalisar Turai, na zagaya zuwa lambun Leopold. A gaban wani tsohon gini da yanzu ya zama makarantar sakandare aka ɗauki hoton nan na taron Solvay a watan Oktoban 1927: masana 29, Einstein a tsakiya, mace ɗaya tak, Marie Curie. Na tarar yara na ta guje-guje a wurin abinsu.

A wannan taro ne Louis de Broglie, Bafaranshe ɗan shekara 35, ya ce ilektiron ƙwaya ce mai mazauni a kowane lokaci, sai dai akwai igiya da ke yi mata jagora. Wolfgang Pauli ya taso masa da hujjoji, ɓangaren Niels Bohr ya yi rinjaye, de Broglie kuma ya saki zancen. Sai a 1952 David Bohm ya sake tono shi.

Duk da haka kaina a ɗaure yake. Yaya igiya za ta ja ƙwaya? A Faris na gani da idona. Wata ɗaliba ta shigar da ni ɗakin bincikensu, ta zuba man silikon a faranti, ta ɗora kan wata na'ura mai kaɗawa, farantin ya kama ɓari yana gunji. Ta tsoma tsinken sakace ta fizge. Wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba ya tsaya a saman man yana tsalle, ya ƙi narkewa. Da ta ƙara ƙarfin kaɗawar, sai ya kama tafiya! Kowane tsalle na tayar da 'yar igiya, ita kuma ta tura shi gaba. Na ce, "Ikon Allah!" Ta yi dariya ta ce a birnin nan Yves Couder da Emmanuel Fort da abokan aikinsu suka fara nuna wannan a 2005.

Makaho da ɗan jagora na tuna. Yaron ke duba ƙofofi duka, makahon kuwa ta ɗaya kawai zai shiga. Haka de Broglie da Bohm ke fassara shahararren gwajin ƙofa biyu: igiyar ta ratsa duka biyun, ƙwayar ta bi ɗaya. Ba sai an ce abu ba shi da mazauni kafin a auna shi ba, kuma lissafin ya fito daidai da na ɓangaren Bohr. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Sai dai abin ba kyauta ba ne. Dole ka yarda cewa motsin wata ƙwaya nan take zai iya shafar 'yar'uwarta komai nisa. Wannan ne ya sa John Bell a tunani, har a 1964 ya fitar da hanyar gwada lamarin.

Ina cikin zumuɗi ɗalibar ta taka mini birki, ta ce ɗigon mai ba ilektiron ba ne, kwatance ne kawai. A 2015 wasu masana a Danmak sun maimaita gwajin ƙofa biyu da Faransawan suka yi da ɗigon, ba su ga abin da Faransawan suka ce sun gani ba. Cikinsu har da Tomas Bohr, jikan Niels Bohr.