Tulun da Ya Fi Ni Tsayi a Millennium Park

"Kawu, riƙe wayar da hannu biyu, ka auna ciyawar can. Juya ta a hankali." Na bi umarnin ɗan ƙanwata. Wasu ƴan ɗigo-ɗigo suka watsu a gilashin wayar, sai kawai ga tulu! Tulun yumɓu fa, jajir, ya kafu a tsakiyar fili, tsayinsa ya kai rufin ɗaki. Na sauke waya, ba komai sai yara suna bin ƙwallo. Na ɗaga, yana nan daram. Na matsa kusa, ya ƙara girma. Na zagaya bayansa, wallahi har baƙin da wuta ta yi masa wajen gashi na gani, ga ƙadangaren da aka zana a kafaɗarsa, jelarsa ta lanƙwaso zuwa wuyan tulun, ga ɗan gurbin da babban yatsan maginiyar ya bari a baki.

Ashe tulun gidanmu ne, wanda aka sayo a Ushafa, ƙauyen maginan tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Yaron ya zagaye shi da waya yana ɗaukar hoto ta kowace fuska, wata manhaja ta haɗe hotunan ta fitar da siffarsa cikakkiya. A fili kuma kyamara ce ke kama alamomin ƙasa, tsakuwa nan, tushen ciyawa can, na'urar jin motsi da ke cikin wayar tana lissafin duk takun da na yi. Shi ya sa tulun ba ya biyo ni, inda aka dasa shi nan yake tsayawa. Wannan ita ce fasahar ɗora siffa a kan zahiri, wadda duniya ta yi wa rububi a 2016 lokacin wasan Pokémon Go.

Da na dawo gida na kasa zama, na shiga bincike. A 2017 Snapchat ya kafa ƙaton karen balan-balan na Jeff Koons a Central Park na birnin New York, ba ƙarfe ba siminti. A 2021 an yi baje kolin Seeing the Invisible a lambuna 12 na ƙasashe daban-daban lokaci guda, kuma cikin masu fasahar har da El Anatsui, mutumin Ghana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka. Namu ne ma ya riga mu nisa!

To mu fa? Filin nan na Millennium Park da ke Maitama a Abuja hekta 32 ne, Ba'italiye Manfredi Nicoletti ya tsara shi, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003. Yana da kyau, ba musu. Amma ƙasar Gbagyi ce tun kafin dokar 1976 ta mai da nan babban birni, kuma ina so mai yawo a cikinsa ya ga haka da idonsa. Maginiyar tukwane Ladi Kwali tana bayan takardar naira 20 da a da muke miƙa wa mai ruwan leda kullum. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, tulunanta masu zanen kada da kunama da hawainiya suka kai London, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Yara nawa ne a Abuja suka taɓa zagaya tulunta ko sau ɗaya? Ga kawunan Nok, da Taruga, inda aka tono tsoffin murhunan narka tama. Da wannan fasahar, duk za su iya tsayawa a filin nan ko a bakin tafkin Jabi.

Akwai abin da ya fi kwanta min a rai. Da yawanmu ba ma sakin jiki da mutum-mutumi a bainar jama'a, kuma dalilinmu na addini ne, ba abin rainawa ba. A nan kuwa wanda ya so ya ɗaga waya ya gani, wanda bai so ba ya shimfiɗa tabarmarsa ya yi salla a kan ciyawa zalla. Fili ɗaya, kowa da haƙƙinsa.

Matsala akwai. Ranar Abuja tana kashe hasken gilashi, sai da muka koma inuwa. Wayar ta yi zafi, caji ya zube, kuma ba kowace waya ke ɗaukar manhajar ba. Wadda ta fi damuna ita ce ta mallaka: matar da ta gina tulun nan ba ta san ya zama ƙato a Maitama ba. Na ce wa yaron kada ya kuskura ya saka shi a intanet sai mun je Ushafa mun nemo ta, mun nuna mata, ta yarda, a rubuta sunanta a gindinsa, in kuɗi ya shigo a ba ta kasonta. Ya ce, "To Kawu, ranar Asabar, amma kai za ka zuba mai." Na ce na ji, ya dai cika wayar da caji.