Lambobin da Ban Goge Ba

A Talata Mafara, shekarar 2021 ce ta nuna mana cewa waya, komai tsadarta, baiwar sabis ce. Bayan na kammala digiri, a watan Agusta na sayi sabuwar waya, na yi wa sabon layi rajista da lambar NIN, domin an ce ya fi kamawa a Maradun, inda Inna take. Kowace safiya muryarta kan iso mini tangaram, kamar tana tsakar gida.

A farkon Satumba aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara, don a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Kasuwannin mako ma aka rufe su. Wayata ta koma fitila da agogo. Muka koma wa wasiƙa: in rubuta, in damƙa wa direba a tasha, in kwana uku ban san ko ta isa hannun Inna ba. Lallai rashin sani ya fi dare duhu. Takardar neman aiki kuwa, sai na je Sakkwato nake iya tura ta.

Matakin yana da hujjarsa, mu ma muna da namu raɗaɗin. Ranar da sabis ya dawo ban leƙa Facebook ba. Lambobi na riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, daga Bakura zuwa Maradun, ina ƙirga waɗanda suka amsa sallama. Inna ta amsa. Lambobi biyu kuwa har yau ba sa shiga, kuma na kasa goge su.