Ƙarshen Hunturu a Bakin Dam ɗin Ajiwa

Da sanyi ya fara sauƙi a ƙarshen Fabrairu, mu 'yan Kambarawa mukan leƙa Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Batagarawa, dam ɗin da ke shayar da birnin Katsina. A lokacin ruwa ya ja da baya, ya bar taɓo a baki. Iskar hunturu ta busar da samansa har ya tsattsage, amma ƙarƙashinsa ɗanye ne sharaf, yana haɗiye ƙafa har gwiwa.

A jihar Minnesota ta Amurka, inda tafkuna ke daskarewa, ana gargaɗin kada a taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai santimita 10. Mu kuwa sanda ce ma'auninmu. Ku caka kafin ku taka, ku bi sawun masunta, kuma kada kowa ya je shi kaɗai.